Rana Ba Ta da Laifi

Duk wanda ya saba duba hotunan da ake ɗauka a wannan yanki namu na arewacin Jihar Yobe, tun daga Nguru har zuwa Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, ko na hawan Salla ne, ko na ɗaurin aure, ko na naɗin sarauta, ko kuwa na bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, lalle zai lura da wata illa guda wadda ta game galibinsu, har ta zama jiki, mutane suka daina ganinta aibi: ko dai tufafi su fito sarai, amma fuskokin masu tufafin su dulmuye cikin duhu har uba ya kasa shaida ɗansa sai ta hula, ko kuwa fuskoki su fito, amma babbar riga da rawani da sararin sama da yashi duk su narke su zama fari fat, ba aiki, ba ninki, ba iyaka tsakanin mutum da abin da ke bayansa. In ka tambayi mai hoto dalili, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce rana ce ta yi yawa, ko ya ce kyamararsa ce ƙarama. Ni kuwa ra'ayina shi ne rana ba ta da laifi, kyamara ma laifinta kaɗan ne. Ainihin musabbabin abin shi ne mun sallama wa na'ura wani hukunci wanda ba nata ba ne, muka rataya mata amanar da ba a ƙera ta domin ta ɗauka ba, sa'an nan muka koma gefe muna jiran ta yi mana tunani.

Ya kamata mu fara da ranar kanta, domin ba a yi wa abu magani sai an san siffarsa. Nguru da Gashuwa kusan a layi ɗaya suke a taswira, ƙasa kaɗan da daraja 13 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, saboda haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya cak bisa ƙoƙon kan mutum, har inuwarsa ta shige ƙarƙashin tafin ƙafarsa. A Agusta girgije yakan rufa mana asiri, amma a Afrilu, tsakiyar bazara, babu wani hijabi tsakaninmu da ita. Hasken da ke saukowa daga bisa haka kuwa ba ya yi wa fuskar ɗan Adam adalci, domin yakan zuba a goshi da karan hanci da kafaɗu, ya bar idanu cikin rami biyu masu duhu. Wanda kuma ya naɗa rawani, ko ya kifa malafa, ko matar da ta jawo lafaya bisa goshinta, to fuskar gaba ɗaya ta shiga inuwa, alhali jikin yana cikin rana. A kan wannan sai a ƙara farin yashin ƙasarmu, musamman in an nufi tuddan rairayi na Yusufari, da ruwan tafkin Nguru da na kogin Yobe, wanda ke walƙiya har ya kashe ido. Hunturu ne kaɗai ke sassauta mana in hazo ya tashi ya tausasa haske, ko da yake shi ma yana karɓar ladansa, don yakan dusashe launi ya cika gilashin kyamara da ƙura.

Mai karatu zai iya cewa, ai ni da idona ina ganin fuskar da rigar duka a lokaci guda, ƙaƙa na'urar da aka saya da tsada za ta kasa? Amsar tana cikin hikimar halittar ido. Tun kusan shekara dubu da suka wuce, Alhasan bin Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a cikin Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne ta hanyar hasken da ke tasowa daga abubuwa yana shiga ido, ya kuma gwada yadda haske ke ratsa 'yar kafa ya shiga ɗaki mai duhu ya sauka a bango bisa tsari, wanda shi ne asalin kowace kyamara har wadda ke cikin wayar hannu. Amma ido ya fi ɗakin duhu da wata baiwa: ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana yawo tsakanin haske da inuwa, yana tsukewa yana buɗewa, hankali kuma yana harhaɗa abin da aka gani ya mai da shi sura guda, duk ba da saninmu ba. Kyamara kuwa ƙyaftawa ɗaya gare ta, kuma tazarar da take iya riƙewa tsakanin mafi haske da mafi duhu tana da iyaka. Abin da ya haura iyakar ya ƙone, abin da ya gaza ta ya nutse. Ke nan tilas a zaɓa, kuma dukan mas'alar tana ga wanda zai yi zaɓin.

Abu uku ne ke ƙayyade yawan hasken da hoto zai sha: faɗin ƙofar da haske ke bi cikin gilashi, wadda ake rubutawa da lambobi irin su f/8 da f/11 da f/16, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙuncin ƙofa; da daɗewar ƙyaftawa, ko kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa ko cikin 1000; da kuma kaifin jin haske na abin da ke karɓar surar, wanda ake kira ISO. Kowane mataki guda a cikin ukun nan ninki ne ko rabi. A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske wanda, in aka bar shi da ikonsa, shi ne ke saita su. To, ma'aunin nan bai san rawani ba, bai san yashi ba. Abin da aka ɗora shi a kai tun asali zato ne guda, cewa in aka gauraya duk abin da ke gabansa, fari da baƙi da abin da ke tsakani, zai tashi ruwan toka matsakaici, irin wanda ke mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka masa. Zaton nan yakan dace a ƙasa mai ciyayi da gajimare da tufafi masu duhu. A filin Idi na Nguru kuwa, inda jama'a ke sanye da fararen kaya bisa farin yashi ƙarƙashin farin sama, zato ne ɓatacce.

Mu ɗauki misalin hakimi bisa doki ranar hawa, da farar alkyabba da farin rawani, amawali ya rufe haɓa, abin da ya rage a fili na fuskarsa bai fi tafin hannu ba. Ma'auni ya dubi wannan fari mai yawa, ya ɗauka haske ne ya yi yawa, sai ya tsuke ƙofa ya gaggauta ƙyaftawa don ya mayar da farin ruwan toka; alkyabba ta fito dauɗa-dauɗa, fuskar kuwa, wadda dama a inuwar rawani take, ta zama baƙi wuluk, ba ido ba gira. Da dokin zai juya ya gitta gaban wata rumfa mai duhu, ma'aunin nan dai zai juya hukuncinsa, ya wangale ƙofa don ya haskaka rumfar, sai alkyabbar ta ƙone, adon kafaɗarta ya ɓace, alhali ranar ita ce ranar, mutumin shi ne mutumin, ba abin da ya sauya sai bango. Wannan ya isa hujja cewa matsayin ma'auni matsayin shaida ne. Shaida yana faɗin abin da ya gani gwargwadon ganinsa, ba a kuwa ƙin sauraronsa. Amma alƙalin da ya miƙa wa shaida alƙalami ya ce ya rubuta hukunci, ya tozarta kujerarsa. Mai hoto shi ne alƙali, shi ya san fuskar da aka zo dominta, shi ya san cewa wannan tufa fara ce kuma fara ya kamata ta fito. Barin kyamara a kan saitin da take yi wa kanta, a irin wannan rana, taƙlidi ne a muhallin da ake bukatar ijtihadi.

Akwai kuma wani tarihi da ya kamata masu hotonmu su sani, domin su daina zaton na'ura ba ta karkata. A zamanin fim, tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka yana aika wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, domin su daidaita launi da haske a kansa. Watau farar fata aka mayar mizani, saura kuwa su sami abin da suka samu. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta bayyana a bincikenta na 2009 cewa cikin abubuwan da suka tilasta gyara har da koke-koken masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda suka ga fim ba ya bambanta launukan hajarsu masu duhu. Katin da ya haɗa fatu iri-iri kuwa bai fito ba sai a tsakiyar shekarun 1990. A zamaninmu abin ya sauya ƙwarai, har cikin dalilan karɓuwar wayoyin Tecno a kasuwanninmu akwai cewa an saita kyamararsu don baƙar fata, kamfanin Google ma ya fito da nasa gyaran a 2021. Amma ina da ƙorafi a kan wani abu da ya biyo baya, wanda a ganina ya fi duhun fuska muni: wayoyi da yawa suna zuwa da saitin ƙawata fuska, mai goge fata ya washe ta, har dattijon da rana da noma suka bar alamarsu a goshinsa ya fito sumul, fari-fari, 'yan matanmu kuma suna sabawa da ganin kansu da launin da Allah bai ba su ba. Fito da fuska daga duhu adalci ne. Sauya mata launi kuwa ni ha'inci nake kiransa.

To, mene ne abin yi? Abu na farko da zan so kowane mai hoto ya haddace shi ne wata tsohuwar ƙa'ida da masu fim suka rayu a kanta, wadda ta ginu bisa cewa hasken rana tsantsa, daga hantsi zuwa la'asar, kusan adadi ɗaya ne: in rana ta fito tarwai, inuwa ta yi kauri da kaifin baki, a sa ƙofa a f/16, a sa ƙyaftawa daidai da lambar ISO, watau in ISO 100 ne, kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa ko abin da ya fi kusa da shi. A bisa rairayi ko a kan ruwa mai walƙiya a ƙara tsukewa mataki ɗaya zuwa f/22. Daga wannan asali sai a yi ƙiyasi: wanda ke son tsayar da doki a tsakiyar sukuwa ya buɗe ƙofa mataki uku zuwa f/5.6, ya gaggauta ƙyaftawa mataki uku zuwa kashi ɗaya cikin 800, hasken bai ƙaru ba bai ragu ba, amma kofato da ƙura sun tsaya cak. Fa'idar ƙa'idar ita ce lissafinta yana kan hasken da ke saukowa ne, ba ruwanta da abin da tufa ke mayarwa, don haka da zarar mutum ya saita kyamararsa da hannu a kanta, bangon da doki ya gitta ba zai yaudare shi ba. Sai in girgije ya zo ko mahayi ya shiga inuwa ne zai sake lissafi.

Wanda kuma ya fi son sauraron shaida, to ya san inda zai tsayar da shi. Galibin kyamarori suna da zaɓi: ko ma'auni ya auna dukan fili, ko ya fifita tsakiya, ko ya auna ɗigo guda kawai. A rana mai tsanani ɗigon nan ya fi, amma da sharaɗin mutum ya tuna cewa duk abin da ya ɗora shi a kai ruwan toka za a mayar da shi: in a kan farar riga ne, ya ƙara haske wajen mataki biyu don ta koma fara ba tare da adonta ya ƙone ba; in a kan fuska ce mai duhu sosai, ya rage rabin mataki ko mataki guda, don kada ta washe ta bar launinta. Kuma kada a amince da allon kyamara da tsakar rana, domin idon da ya sha haske ba ya ganin gaskiyar abin da ke kansa. A dubi jadawalin nan da ake kira histogiram, in tudunsa ya je ya manne da bangon dama, to wani abu ya ƙone, abin da ya ƙone a kyamarar zamani kuwa ya tafi ke nan, ba kwamfutar da za ta dawo da shi, saɓanin inuwa wadda ake iya ɗagowa daga baya, musamman in an adana hoton a tsarin RAW. Mai waya ma yana da rabonsa: ya taɓa fuskar a allo, ya danne har ma'auni ya kulle, sa'an nan ya ja alamar rana sama ko ƙasa.

Sai dai fa duk wannan lissafi bai taɓa tushen cutar ba. Tsakanin wurin da rana ke duka da inuwa mai buɗaɗɗen sama akwai wajen mataki uku, watau ninki takwas, in kuma aka ƙara bambancin farar shadda da baƙar fata, tazarar ta fi ƙarfin takardar hoto. Ma'auni yana iya matsar da hoto sama ko ƙasa, amma rage tazarar sai wanda ya sauya hasken da kansa, wannan kuwa aikin ƙafa ne da baki. A ce wa mutum ya ba rana baya, sai fuskarsa ta sami haske guda shimfiɗaɗɗe, idanunsa su buɗe tun da ba abin da ke sukarsu, a auna fuskar, a kare gilashi da hannu ko da hula kada rana ta faɗa cikinsa. A sa yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali daga gaba, ƙasa-ƙasa, ya mayar da haske cikin inuwar rawani; wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin yadda yadi biyu na farin alawayyo ke fito da ƙwayar ido. Filasha ma, wadda jama'a suka ɗauka ta dare ce, tana da babban amfani da tsakar rana in an rage ƙarfinta yadda za ta cike ramin idanu ba tare da ta nuna kanta ba. Illa iyaka a tuna yawancin kyamarori ba sa haɗa ta da ƙyaftawar da ta fi kashi ɗaya cikin 200 ko 250 sauri.

Inuwa kuma ba duka ce ɗaya ba, a nan ne nake ganin masu hotonmu suka fi yin asara. Darbejiya, wadda ta cika titunan garuruwanmu, ni'ima ce ga mai hutawa, amma ganyenta yana tace rana ya zubo ta dabbare-dabbare a fuska da riga, irin tabon da babu gyara gare shi. Rumfunan haya na biki, masu ja da shuɗi da kore, sun fi ta ɓarna, domin suna rina duk wanda ya zauna ƙarƙashinsu, ango ya fito ja, waliyyi ya fito kore. Mafificin haske a garuruwan nan kuwa kyauta ne, yana kuma ƙofar gida, ina nufin bakin zaure. A tsayar da dattijo taki ɗaya daga cikin ƙofar, yana fuskantar waje, mai hoto ya tsaya a rana. Rufin zaure ya tare hasken bisa, yashin ƙofar gida ya mayar da haske mai laushi daga ƙasa da gaba, duhun cikin zauren ya zama bango. A nan za ka ga furfurar gemu ɗaiɗai, da zanen gado a kunci, da ƙyallin ido, da saƙar hula, farar riga kuma ta riƙe ninkinta, duk a hoto guda, ko da da ƙaramar waya aka ɗauka. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, kuma a yau ake rataye aikinsa a manyan gidajen nune-nune na duniya, galibin hotunansa a tsakar gidansa ya ɗauke su da hasken rana, a ƙasa mai zafi irin tamu, a kan fatu irin namu da tufafi irin namu, ya kuma fito da adon riga da hasken fuska tare, saboda ya san inda zai zaunar da mutum.

Game da lokaci, ba ma bukatar aron agogon kowa, domin malamanmu sun riga sun koya mana karanta inuwa. Duk wanda ya karanta babin lokutan salla a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa azahar tana shiga ne in rana ta gusa daga tsakiyar sama inuwa ta fara ƙaruwa, la'asar kuwa in inuwar kowane abu ta kai tsawonsa bayan inuwar zawali. Wannan ma'auni na fiƙihu yana yi wa mai hoto aiki, domin sa'ad da inuwar mutum ta yi daidai da tsawonsa, rana tana tsaka-tsaki ne tsakanin ƙasa da ƙoƙon sama, daga nan kuwa duk saukar da ta yi haskenta yana shigowa ta gefe, yana ratsa ƙarƙashin rawani, yana fito da siffar fuska. Saboda haka mutum ya dubi inuwarsa, da safe ne ko da yamma. In ta fi shi tsawo ya ɗauki hoto a fili, in ta gaza shi ya nemi zaure. Ina jin takaicin yadda muke ɗaura aure bayan Juma'a, mu tsayar da dangi a rana da ƙarfe biyu, kowa ya runtse ido yana zufa, don hoton da za a ajiye shekara hamsin, alhali da an yi haƙuri zuwa bayan la'asar da kowa ya fito da kamanninsa.

Na san za a ce ba kowane al'amari ne ke jiran la'asar ba, kuma gaskiya ne. Sallar Idi da hantsi ake yi, ko da yake ita tana da sauƙi, tun da masallata gabas suke fuskanta rana kuma daga gabas take, sai dai mai hoto ya kiyaye ladabi, ya tsaya daga gefe, kada ya gitta gaban mai salla don neman haske. Kamun kifi kuwa, in masunta suka faɗa ruwa da koma da gora, ba mai cewa su dakata. A irin wannan wuri sai a karɓi tsananin yadda yake: a auna ruwan mai walƙiya a bar masunta su fito baƙaƙen surori a kansa, ko a sa gilashin nan mai kashe ƙyalli da ake murzawa a bakin kyamara. A Dagona, inda tsuntsayen ruwa ke sauka da rani, wasu daga Turai, mai ɗaukar balbela ya rage haske da gangan, in ba haka ba gashinta zai zama farin tabo. Ba na kuma goyon bayan a mayar da duk hotunan ƙasarmu masu laushi da jan almuru. Wannan ƙasa ce ta rana. Mai tallar ruwa a tasha da azahar, da makiyayi a bakin rijiya inuwarsa a taƙure ƙarƙashinsa, gaskiya ce da ta cancanci a adana ta da kaifinta. Abin da nake ƙi shi ne duhun da ya zo bisa kuskure. Wanda aka zaɓa da sani, aka san abin da aka bari ya nutse da dalilin barinsa, wannan gwaninta ce.

La'alla wani ya ga abin bai kai a cika shafin jarida dominsa ba. Ni a wurina ya kai, domin hoto amana ce ta 'yan baya. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, ya mai da ita matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi, amma surorin wancan zamani da suka rage a Arewa galibi baƙi ne suka ɗauka, jami'an mulki da matafiya, suka ɗauki abin da ya dame su, sau da yawa ma ba su rubuta sunan wanda ke cikin hoton ba. Yau kuwa, da kyamara ta shiga aljihun kowa, ba mu da uzurin da kakanninmu suke da shi; malamai da sarakuna da masu sana'a suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ciyawar kacala tana cinye tafkuna, rairayi yana matsowa, in kuwa jikokinmu suka buɗe hotunan wannan zamani suka tarar da riguna ba fuskoki, ba wanda za su tuhuma sai mu.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke garin, su buɗe gajeren horo ga matasan da ke cin abinci da kyamara a bukukuwa da tarurruka, a yi shi da Hausa, a kuma yi shi a fili da tsakar rana a watan Afrilu, domin wanda ya iya fito da fuska daga ƙarƙashin rawani a wannan wata ba sauran hasken da zai gagare shi. Tsofaffin masu situdiyo da suka yi zamanin fim, waɗanda kowace ƙyaftawa kuɗi ce a wurinsu, ba sa kuwa ganin sakamako sai bayan wanki, su ya kamata a fara gayyata su koyar tun suna da sauran ƙarfi. Majalisun masarautun Bade da Nguru da Machina kuma, da masu shirya tarurrukan gwamnati, suna iya taimakawa da abin da ba zai ci musu kuɗi ba: rumfar manyan baƙi ta zama fara ko ta zana, a kafa ta yadda rana ba za ta shigo ta raba mazauna biyu ba, rabi a haske rabi a inuwa, a shimfiɗa wani abu mai haske a gabanta maimakon jan kafet, hoton jama'a kuwa, wanda aka saba yi a gurguje a bakin mota da rana tsaka, a sa shi cikin tsarin taro tun farko, a inuwar ginin da ya fi kusa, kafin baƙi su watse.